Na ga bidiyon majalisa ta "amince": ya zama doka ke nan?

Tambaya: Barista, ina da gidan haya a Rigasa, Kaduna. Ɗan hayata ya turo min bidiyo ta WhatsApp, sanatoci sun amince a riƙa biyan haya wata-wata, ya ce ba zai ƙara ba ni kuɗin shekara ba. Hankalina ya tashi, da kuɗin nan nake biya wa marayuna makaranta. Kuma a ina talaka zai kalli zaman majalisa da idonsa?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Majalisar Tarayya kan zauna Talata zuwa Alhamis, ana nuna zaman a NTA, ana kuma ɗora shi kai tsaye a YouTube. Sai dai tsarin mulkin 1999 bai tilasta haskawa ba. Sashe na 60 ya bar wa majalisa tsara yadda za ta gudanar da zamanta, na 101 ya ba majalisun jihohi irin wannan dama, shi ya sa in suka shiga zaman sirri ake fitar da 'yan jarida. 'Yan majalisar jiharmu ta Kaduna su 34 da ke zama a Lugard Hall kuwa, yawanci sai dai a tsinci labarinsu a rediyo.

Amfanin kallon ba ƙarami ba ne. A Mayun 2006 AIT ta nuna muhawarar tazarcen Obasanjo kai tsaye, kowane sanata ya san mutanen garinsu na kallonsa, kudirin ya mutu.

Amma bidiyon nan naki, kullum sai an kawo min irinsa ofis, har na gaji. Mutum ya ga an buga guduma, ya ji "masu rinjaye sun amince", shi ke nan ya zama lauya. Sun amince da me? Hausa ma ta ƙara rikita mu, don komai "kudiri" muke ce masa. Akwai wanda ɗan majalisa zai miƙe ya nemi a yi kira ga gwamnati ta gyara hanya. Wannan roƙo ne, ba ya ɗaure kowa. Akwai kudirin doka, shi kuma tafiyarsa doguwa ce: karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti ya ji ra'ayin jama'a, karatu na uku, ɗaya zauren (Dattawa ko Wakilai) ya yarda, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu ko ya ƙi cikin kwana 30. In ya ƙi, sai kashi biyu bisa uku na kowane zaure sun sake amincewa kafin ya zama doka. A kowane mataki ana buga gudumar nan, kuma sautinta iri ɗaya ne.

Maganar haya wata-wata ta taso a Majalisar Dattawa a 2022. Karatu na biyu ta tsallake, kuma Abuja kaɗai ta shafa. Ina ruwan Rigasa? Masu yanko daƙiƙa talatin daga zaman awa huɗu, su manna "da ɗumi-ɗumi" a kan tsohon bidiyo, su ji tsoron Allah. Na ga maƙwabtan shekara ashirin sun kai juna gaban alƙali saboda irin wannan.

Yarjejeniyarku na nan daram. Ki ce masa ya kawo sunan dokar da ranar da aka sa mata hannu, ke kuma ki fito da takardar da kuka rubuta ranar da ya karɓi makulli.