Noma A Cikin Ruwa Ba Ƙasa: Amsoshin Tambayoyin Masu Son Farawa A Kano

Tambayoyin wannan makon duk a kan abu guda suka taru, wato noman ganye a cikin ruwan da aka narka wa taki, ba tare da ƙasa ba, wanda ake kira haidroponik. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mai farawa a cikin birni.

Wani matashi daga Kurna: Ɗaki ɗaya nake haya, ba fili, wuta kuma ba tabbas. Da wane tsari zan fara?

Ɗan'uwa, ka fara da tsarin da ba ya buƙatar famfo ko wuta. Ana kiransa tsarin Kratky, sunan wani mai bincike ne a Jami'ar Hawaii da ke Amurka. Tsarin bututu da kake gani a bidiyo, wanda ruwa ke gudana siriri a ƙarƙashin saiwa, yana da kyau a ido, amma in wuta ta ɗauke da tsakar rana a watan Afrilu, saiwar na iya bushewa cikin awa biyu ko uku. Wannan ba kayan mai koyo ba ne.

Ka samo bokitin roba mai murfi na lita 20, irin wanda ake samu a Ƙofar Wambai. Wanda aka zuba kayan abinci ya fi na fenti. In na fenti ne a hannunka, ka kankare shi ka wanke tas. Ka huda ramuka uku a murfin, kowanne faɗin santimita 5. Ka ɗauko ƙananan kofunan roba, ka sa ƙusa a wuta ta yi zafi ka huhhuda gindinsu da gefensu, sannan ka zura su a ramukan. A cikin kofin za ka sa abin da zai riƙe shukar a tsaye: zaren ɓawon kwakwa, ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya zama gawayi, ko tsakuwa ƙanana da aka wanke. Ɗanyen ɓuntu yakan ruɓe ya kawo fumfuna, shi ya sa muke cewa a babbaka.

Irin latas kuwa, ka tsirar da shi daban a kan soso mai laima, kada ka binne shi da zurfi. Bayan kwana 10 zuwa 14, in ya yi ganye biyu ko uku, sai ka mayar da shi kofi. Ranar dashe ruwan ya taɓa gindin kofin da kamar santimita ɗaya kawai.

Ga inda hikimar tsarin take. Yayin da shukar ke sha, ruwan yana sauka, sai a sami sarari tsakanin murfi da ruwa. Saiwoyin da ke cikin wannan sarari su ne ke shaƙar iska, na ƙasa kuma suna shan ruwa da taki. Kuskuren da ya fi kashe shukar masu farawa shi ne tausayi: mutum ya leƙa ya ga ruwa ya yi ƙasa, sai ya cika bokitin maƙil. Ya nutsar da saiwoyin numfashi ke nan, kafin kwana biyu ganye ya yi yaushi alhali yana tsamo-tsamo cikin ruwa. In ƙari ya zama dole, kada ruwan ya wuce rabin tsawon saiwar. Kan latas ɗaya yana shan lita 4 zuwa 6 kafin ya isa cira, a cikin kwana 30 zuwa 40 bayan dashe, don haka bokiti ɗaya ya ishi kai uku.

Wani manomin rani daga Hotoro: Ina da ragowar takin kamfa 15-15-15. In jiƙa shi in yi amfani da shi?

A'a, Malam. Kamfa an yi shi ne don ƙasa, kuma ƙasa ce ke cike giɓin da ya bari. A gona shuka tana samun kalsiyam da maganiziyam da sinadarin ƙarfe da sauran ƙananan sinadarai daga ƙasar kanta. A bokiti kuwa abin da ka zuba shi ke nan. Ga shi kamfa ba ya narkewa duka, laka yake bari a gindi. Yuriya ma haka: sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin shuka ta more ta sosai. Taki na dabbobi da aka jiƙa kuwa wari da ruɓewar saiwa zai jawo maka.

Abin da ake buƙata shi ne takin da aka haɗa don noman ruwa. Wani yana zuwa a ruwa cikin gora biyu, A da B. Wani kuma gari ne kashi uku: taki mai lamba 4-18-38 irin Masterblend, da gishirin Epsom (mai ɗauke da maganiziyam, ba gishirin miya ba), da kalsiyam naitiret. Ma'aunin ganye a lita 20 shi ne giram 12 na farkon, giram 6 na gishirin Epsom, giram 12 na kalsiyam naitiret. Ka auna da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, cokali yana yaudara. Ka narka kowanne a kofinsa, ka zuba su ɗaya bayan ɗaya a cikin cikakken bokiti kana juyawa, kalsiyam ya zo a ƙarshe. In ka haɗa su da kauri a kofi guda, za ka ga ruwan ya yi fari kamar an zuba alli. Kalsiyam ne ya kama sauran ya daskare, kuma shuka ba za ta iya shan sa ba.

Wata uwargida daga Gyaɗi-Gyaɗi: Latas ɗina sabbin ganyensa sun yi rawaya, jijiyoyin ne kawai kore. Ruwan burtsatse nake sa masa.

Hajiya, wannan alamar rashin sinadarin ƙarfe ce, kuma sau da yawa yana nan a cikin ruwan, shukar ce ta kasa ɗauka saboda ma'aunin tsami, wato pH, ya hau, ma'ana tsamin ruwan ya ragu. Ana so ya zauna tsakanin 5.5 da 6.5. Ki nemi takardar gwaji ko ƙaramar na'urar aunawa, ki gwada bayan kin zuba taki, ba kafin nan ba. In ya haura, akwai ruwan sauke shi da ake sayarwa tare da takin. Ɗigo-ɗigo ake sawa ana sake gwadawa. Lemon tsami yana saukewa, amma bayan kwana ɗaya ko biyu yakan koma inda yake. Ruwan famfo ki bar shi a buɗe ya kwana. Da damina kuma ki tari ruwan sama bayan rufi ya wanku, babu wanda ya kai shi.

Da tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, da sai mu ce takin ne ya yi ƙaranci.

Wani malamin makaranta daga Sharaɗa: Saiwar ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi tana wari. Me ya faru?

Zafi ne, Malam, kuma shi ne babban abokin gabar wannan noma a Kano. Lafiyayyar saiwa fara ce sol, ba ta wari. Ruwa yana so ya zauna tsakanin digiri 18 da 24. Da ya doshi 28 iskar da ke narke a cikinsa takan ragu, cutar ruɓewar saiwa kuma ta sami wuri. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin gari ke haura 40, bokitin da rana ta daka zai zama ruwan wanka. Wanda ya riga ya ruɓe ka zubar, ka wanke bokitin da ruwan bilic, ka ɗauraye sosai.

Don gaba, ka yi dabarar randa. Ka naɗe bokitin da buhun algarara ka riƙa jiƙa shi. A busasshiyar iskar rani, tururin da ke tashi daga buhun yana sanyaya ruwan ciki. Ka ɗora shi a kan katako, kada ya zauna a kan simintin da ya sha rana. Bokitin ya kasance haske ba ya ratsa shi, in ba haka ba gansakuka za ta cika shi ta cinye takin. Ka fara naɗe shi da baƙar leda, sannan farin abu daga waje. Ka toshe duk wata kafa a murfin saboda sauro.

Shawararmu dai ita ce ka bi lokaci. Latas na hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zafi irinsa ma ƙin tsira yake, wanda ya tsira kuma sai ya miƙe ya yi fure ya yi ɗaci. A bazara ka koma alayyahu da ɗoɗɗoya, su zafi bai dame su ba. Tumatir da tattasai ka bar su tukuna, suna buƙatar haske mai ƙarfi da taki mai kauri da ruwa mai yawa.

Wata ɗaliba daga Kabuga: Hasken ƙwan ɗaki ya isa?

Bai isa ba, 'yar'uwa. Alamar ita ce shukar ta yi tsawo siririya, ta koɗe, ta karkata wajen taga. Ki sa bokitin a baranda ko gaban tagar gabas inda zai sami ranar safe ta awa huɗu zuwa shida, ya tsira daga ta azahar. In cikin ɗaki ne sosai, sai fitilar LED ta shuka, awa 12 zuwa 16 kullum, a rataye kamar santimita 30 sama da ganye. Murabba'in mita ɗaya na latas zai ci wajen wat 100, to ki lissafa da ƙarfin solar gidanku kafin ki saya. Ki bar iska tana ratsawa. A ɗakin da ke rufe ruf bakin ganyen tsakiya yakan ƙone. Ƙurar hunturu kuma ki riƙa fesa ruwa kina wanke ta daga ganyen da safe.

Wani mai kiwo daga Rijiyar Lemo: Ana cewa ana tsirar da hatsi a faranti a ba raguna. Zan iya da dawa?

Da masara ko alkama za ka iya: ka jiƙa awa 12, ka baza a farantin da aka huda, kaurin bai wuce santimita biyu ba, ka riƙa yayyafa ruwa sau uku a yini, a kwana bakwai ko takwas ya zama tabarmar ciyawa. Amma ka sani yawancin nauyin da ya ƙaru ruwa ne, ba zai maye gurbin harawa da dusa ba. Dawa kuwa ka nisance ta, Alhaji. Tsironta ƙarami yana ɗauke da gubar da ke kashe dabba, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa. Duk farantin da ka ga fumfuna a gindinsa ko ka ji yana tsami, kada ka ba dabba ko da masara ce.