Albashinmu bai kai dubu 70 ba, in mun yi magana sai a ce za a kore mu

Wani ɗan'uwa da ke aiki a wata masana'antar buhuna a Kano ya aiko yana cewa su sun haura mutum tamanin, ana biyansu naira 45,000 a wata, suna aiki daga safe zuwa magariba kwana shida a mako. Sun haɗa kai sun rubuta takardar neman a kai albashin 100,000, sai manaja ya ce duk wanda ya sa hannu ya nemi wani wurin. Yanzu suna shawarar shiga yajin aiki ranar Litinin.

Ɗan'uwa, ku dakata da maganar Litinin tukuna. Kun haɗa buƙatu biyu a takarda ɗaya, kuma ƙarfinsu a gaban doka ba ɗaya ba ne.

Ta farko, wato a cika albashin ya kai 70,000, bashi ne kuke bi. Bayan yajin aikin manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa NLC da TUC na 3 ga Yunin 2024, wanda ya kai ga kashe wutar ƙasa da rufe filayen jirgin sama, an daidaita a kan 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran dokar mafi ƙarancin albashi a ƙarshen Yulin shekarar. Mutane da yawa suna zaton dokar ta ma'aikatan gwamnati ce kaɗai, alhali ta hau kan kamfanoni masu zaman kansu ma. Daga cikin waɗanda ta ware akwai wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin da bai kai awa 40 a mako ba, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da aikin lokaci irin na gona. Bisa bayaninka ba ku cikin ko ɗaya. Ko da kun sa hannu a kan 45,000 da kanku, dokar ta ce irin wannan yarjejeniyar ba ta da tasiri. Kenan kowannenku yana bin 25,000 na kowane wata.

Akwai inda masu kamfani ke zillewa. Wasu sukan ce ma'aikatan na ɗan kwangila ne, wasu su mayar da biya ya koma na ƙirgen buhu. Don haka ku fara tara shaida tun yau: saƙon banki na shigar albashi, katin shaidar aiki, hoton rajistar da kuke sa hannu safe da yamma, da sunan wanda ke ba ku umarni. Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, takan duba yadda aikin yake a zahiri, ba abin da aka rubuta kawai ba. Kafin kotu, ku kai ƙorafi a rubuce ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, ku karɓi kwafi mai hatimi. Wasu masu kamfanin da sun ga jami'in ƙwadago a bakin ƙofa suke saukowa.

Ta biyu, wato 30,000 da ke saman 70,000, babu alƙalin da zai ba ku ita. Ciniki ne, kuma ƙungiya ce ke yin sa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ku 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, Dokar Ƙwadago kuma ta hana korar ma'aikaci don ya shiga. Ba sai kun kafa sabuwa ba, ku nemi ofishin NLC na jiha ya haɗa ku da ƙungiyar da ke kula da sashenku. A ganina wannan ya kamata ku fara yi tun kafin takardar da kuka rubuta.

Yajin aiki kuwa yana da matakai: a bi hanyar sulhu, a sanar da Ma'aikatar Ƙwadago, mambobi su kaɗa ƙuri'a mafi rinjaye su amince. In kun tsallake waɗannan, manaja zai rubuta cewa kun gudu daga aiki, ya riƙe kuɗin kwanakin, kun ba shi hujjar da yake nema da hannunku. Ku je aiki ranar Litinin. Wanda aka kora a cikinku ya nemi takardar kora, in an hana shi ya rubuta ranar da sunayen waɗanda aka yi a gabansu, ya kai wa lauya a makon.