Tambaya da Amsa: Ko kwamfuta za ta iya sarrafa na'urar CD mai cin faifai 300?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi na'urar Sony CDP-CX355 ta hannu, mai cin faifan CD 300 a lokaci guda, na kuma zuba mata faifai kusan 270 da na tara shekara da shekaru. Damuwata ita ce ba na iya tuna abin da ke kowace lamba, sai na duba littafin da nake rubutawa. Shin akwai manhajar da zan sa a kwamfuta in riƙa ganin sunayen faifai da na waƙoƙi, in danna na'urar ta kunna? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma ka yi dace da irin na'urar da ka saya, domin a cikin duk masu cin faifai da yawa babu wadda aka fi yi wa irin wannan aiki kamar ta Sony. Sai dai manhajar kaɗai ba za ta isa ba, kuma mafi yawan kayan da aka yi domin wannan buƙata sun tsufa. Bari in bi maka shi daki-daki yadda za ka san inda za ka sa kuɗinka da inda za ka riƙe su.

Kafin komai, juya na'urar ka dubi bayanta. Za ka ga ƙananan ramuka irin na abin sauraro na kunne, an rubuta CONTROL A1 II a jikinsu. A wasu tsofaffin samfura ana rubuta S-LINK ko CONTROL A1. Wannan rami shi ne bakin na'urar, shi ne kuma kunnenta. Sony ta yi shi ne domin kayanta su riƙa magana da juna, misali amfilifaya ta umarci na'urar CD ta kunna, ko a haɗa na'urori biyu su riƙa karɓa-karɓa. Waya ɗaya ce tak ke ɗaukar saƙon, tana zaune a kan bolt 5, duk wanda zai yi magana sai ya ja ta ƙasa na ɗan lokaci. Ja na farko mai tsawo ne, kashi 2.4 cikin dubu na daƙiƙa, alamar cewa saƙo na tafe. Daga nan ja mai tsawon 1.2 yana nufin ɗaya, mai tsawon 0.6 yana nufin sifili. Da waɗannan ɗaya da sifilin ake cewa "ɗauko faifai na 148, kunna waƙa ta 6".

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan rami shi ne maganarsa ta je-ka-dawo ce. Rimot ɗin da ke hannunka umarni kawai yake bayarwa da hasken infared, bai san ko na'urar ta ji ba, bai san ko ramin faifan da ya kira fanko ne ba. Ta CONTROL A1 kuwa na'urar tana mayar da amsa: ga faifan da na ɗauko, waƙoƙi 12 ne a ciki, tsawon wannan minti kaza, yanzu na gama ta uku na shiga ta huɗu. Idan babu wannan amsa, manhaja makauniya ce. Shi ya sa masu na'urorin Pioneer irin su PD-F1009 mai cin faifai 301 suka fi shan wahala, domin mafi yawan abin da za a iya yi musu daga kwamfuta shi ne kwaikwayon rimot. Wasu samfuran Kenwood kuma, irin CD-425M mai cin 200, sun zo da kafar RS-232, wato tsohuwar kafar aika bayanai wadda ake haɗawa da kwamfuta kai tsaye, haka ma Sony DVP-CX777ES mai cin 400. Taka ba ta da wannan kafa, saboda haka sai an nemo tafinta tsakaninta da kwamfuta.

Tafintan da ya fi suna shi ne wani ɗan akwati mai suna Slink-e, wanda kamfanin Nirvis na Amurka ya yi a ƙarshen shekarun 1990. Gefe ɗaya yana shiga kafar RS-232 ta kwamfuta, ɗaya gefen kuma yana shiga ramin Sony. Manhajar da ke tafiya da shi sunanta CDJ, ta Windows ce. Da akwati ɗaya ana iya jan na'urori har 12, domin wayoyi huɗu ke fita daga akwatin, kowace waya tana ɗaukar guda uku, ana bambanta su da zaɓin nan na CD1, CD2 da CD3 da ke jikin na'urar. CDJ tana yin duk abin da ka lissafa, har da ƙari: ta bi faifan ɗaya bayan ɗaya ta tantance su, ta nuna maka jerin sunaye, ka jera waƙoƙi daga faifai daban-daban yadda kake so. Wanda ke da na'urori biyu ma ya fi morewa, domin yayin da ɗaya ke kunnawa ɗayar tana can tana juya farantin da faifan ke jere a kai tana shirya faifai na gaba, ba a jin shirun nan da ake yi idan ana sauya faifai. A wancan zamani kuma akwai Escient, wani kamfani na Indiyana, da ya yi TuneBase sannan FireBall, akwatuna ne masu zaman kansu da ke nuna jerin faifai a talabijin ba tare da kwamfuta ba.

Duk waɗannan an daina ƙera su tun da daɗewa. Slink-e sai dai na hannu a kasuwannin intanet na waje, kuma ko ka samu, CDJ manhajar zamanin Windows 98 da XP ce. Za ka buƙaci tsohuwar kwamfuta da za ka ware mata, da wayar da ke mayar da USB zuwa RS-232 idan kwamfutar ba ta da kafar. Ban hana ka ba, amma ba zan ce ka kashe dala a kai ba.

Hanyar da ta fi araha a yau ita ce Arduino, ƙaramin allon lantarki da ɗalibai ke koyon aiki da shi. Tunda an riga an gano yadda saƙon S-Link yake, masu sha'awa sun rubuta manhajojinsa sun saka kyauta a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Abin da ake buƙata bai wuce allon ba, da ɗan filogi mai kauri milimita 3.5, da 'yan ƙananan kayan haɗi da za su kare na'urar. Duk ɗalibin lantarki na foliteknik da ya san hannunsa zai iya haɗa maka. Gargaɗi ɗaya: kada ka ga ramin ya yi kama da na abin sauraro ka haɗa shi da ramin sauti na kwamfuta, kada kuma a tura masa wuta kai tsaye. Ja ƙasa kawai ake yi wa wayar, ba a ɗura mata ƙarfi. Ka kuma sani cewa abin da za ka samu ta wannan hanya ba gamammiyar manhaja mai hotuna ba ce kamar CDJ. Umarni ne da amsa, sai wanda ya haɗa maka ya gina ɗan shafin da za ka riƙa dannawa a kai.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi a nan, gara in kawar da shi tun yanzu. Sauti ba ya bin wannan waya. Kwamfutar direba ce kawai, waƙar tana fita ne ta inda ta saba fita, ta jar waya da fara ko ta wayar haske, wato optical, zuwa amfilifaya. Ba za ka iya kwafe faifanka cikin kwamfuta ta S-Link ba.

Yanzu ga wurin da aikin ya fi tauri, wato sunaye. Faifan CD na sauti, bisa ƙa'idar da Philips da Sony suka shimfiɗa a 1980, bai ɗauke da sunan kansa ba, balle na mawaƙi. Abin da ke farkonsa ɗan jadawali ne da ke cewa waƙoƙi nawa ne, kuma kowace a ina ta fara. A 1996 aka ƙaro CD-Text wanda ke ba da damar rubuta sunaye a cikin faifan, na'urarka ma tana karanta shi, amma faifan da aka yi da shi ba su da yawa. To ta yaya kwamfuta ke sanin suna? Dabarar wasu mutum biyu ce, Ti Kan da Steve Scherf, waɗanda suka kafa CDDB, rumbun sunayen faifai a intanet, a shekarun 1990. Sun lura cewa da wuya a sami faifai biyu masu yawan waƙoƙi ɗaya da tsawo iri ɗaya, saboda haka jadawalin nan ya zama kamar zanen yatsa. Manhaja ta lissafa lamba daga gare shi, ta aika intanet, a duba rumbun da jama'a suka cika da hannunsu, a dawo da sunaye. Escient ta sayi CDDB a 1998, daga baya aka sauya masa suna zuwa Gracenote a 2000, aka mayar da shi na kasuwanci. Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba suka buɗe freedb, ita ma aka rufe ta a 2020. Abin da ya rage a buɗe yanzu shi ne gnudb, wadda ta gaji bayanan freedb, da MusicBrainz. Wannan na nufin tsohuwar manhaja za ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a ciki, sai an sauya mata adireshi, idan ma ta yarda a sauya.

Ga kuma wata matsala da ta fi shafar mu. Rumbunan nan abin da aka zuba musu kawai suka sani. Faifan da manyan kamfanonin Turai da Amurka suka buga za ka same su. Faifan karatu, na wa'azi, da na mawaƙanmu na gida, musamman waɗanda aka kwafa a shago aka haɗa daga nan da can, mafi yawansu babu wanda ya taɓa shigar da su, wani lokaci ma rumbun ya ba ka sunan wani faifai dabam da tsawonsu ya zo kusa. Waɗannan dole da hannu za ka rubuta. Sannan ka tantance faifanka, domin da yawa daga abin da ake sayarwa a matsayin CD a kasuwanninmu MP3 ne ko VCD. CX355 ba ta karanta su. CX455 mai cin 400 ce ke kunna MP3.

Saboda haka littafin nan naka kada ka raina shi, shi ne rabin aikin. Ka mayar da shi cikin Excel ko makamancinsa: lambar rami, sunan faifai, mai shi, jerin abin da ke ciki. Ko ba ka haɗa komai da komai ba, da wannan a wayarka za ka nemo waƙa cikin daƙiƙa biyu ka danna lambar a rimot. Idan kuma daga baya aka haɗa maka Arduino, wannan jadawali ne za a ɗora shafin a kansa. Ita ma na'urar tana da wurin ajiye suna ga kowane rami, wanda Sony ke kira Disc Memo, haruffa 13 kacal yake ɗauka. A gabanta akwai kafar kibod mai zagayen baki irin ta tsofaffin kwamfutoci, wato PS/2. Nemo irin wannan kibod wurin masu gyaran kwamfuta, zai hutar da kai daga murɗa maɓalli harafi bayan harafi. Sai ka kiyaye abu ɗaya: kowane faifai ya zauna a raminsa. Ranar da yara suka ciro biyar suka mayar da su yadda suka ga dama, jadawalin ya fara yi maka ƙarya.

In da ni ne kai, akwai aikin da zan gabatar a kan duk wannan, shi ne kwafe faifan gaba ɗaya cikin kwamfuta. Dalilina na'urar ce da kanta. Samfurinta ya haura shekara ashirin da fitowa, kuma sanannen ciwon wannan jerin na Sony shi ne bel ɗin roba da ke juya faranti da ɗaukar faifai. Yana saki, wani lokaci ya narke ya zama kamar kwalta, zafin ƙasarmu kuma ba ya taimakawa. Gyaran ba shi da tsada, mai gyaran rediyo zai goge ya sa sabo, amma idon da ke karanta faifan shi ma yana gajiya, ƙurar hunturu tana hawa kansa. Faifan da aka kwafa a shago kuwa suna lalacewa da kansu ko ba a taɓa su ba. Manhajar Exact Audio Copy kyauta ce, tana kwafe faifai ba tare da an rasa komai ba, ka ajiye a tsarin FLAC, wanda ke matse sauti ba tare da rage ingancinsa ba. Faifai ɗaya kan ci wajen megabait 300 zuwa 400, wato duk 270 ɗin naka ba za su wuce gigabait 100 da 'yan kai ba. Idan kana yin goma kowane dare, cikin wata ɗaya ka gama. Manhajar MusicBrainz Picard za ta taimaka da sunayen waɗanda aka sani, sauran ka kwafo daga jadawalinka. Amfanin yin haka da faifan a cikin kwamfuta shi ne ana karanta jadawalinsa daidai wa daida, ba kamar ta S-Link ba inda na'urar ke faɗin tsawo da minti da daƙiƙa kawai, manhaja ta yi ta kirdado.

Ba ina cewa ka jingine na'urar ba ne. Ina son waɗannan injuna ƙwarai, akwai daɗi a ji farantin na juyawa yana nemo faifan da ka kira, kuma sautinta ta wayar haske ba shi da abin kushewa. Ka ci gaba da morar ta a falo, kwafin yana ajiye.

Abu na ƙarshe, tunda ta hannu ce: duba takardar da ke manne a bayanta kusa da wayar wuta. Idan an rubuta 120V, ta Amurka ce, wutarmu kuwa 230 ce, dole sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ƙarama ma ta isa domin ba ta cin wuta sosai. Kuma duk ranar da za ka matsar da ita daga inda take, ko da zuwa ɗaki na kusa ne, ka kwashe faifan tukuna. A tsaye suke cikin ramukansu, da an karkata ta za su zube ciki su maƙale a bayan faranti, fito da su kuwa sai an kwance murfin.