Matakalar da ke ƙasan jirgin

Habu, ka tambaye ni yankan nan mai kama da matakala da ka gani a hoto a ƙasan tsohon jirgin saman da ke sauka a ruwa, wai ko kuskuren kafinta ne. A'a, ɗana. Ba don shi ba, da jirgin bai bar ruwa ba.

Ka taɓa zare ƙafa daga taɓo? Haka ruwa ke riƙe cikin jirgi. Yana ƙara gudu, ruwan na ƙara manne masa, inji ya yi ta kuka a banza. Yankan nan ne ke ba iska hanyar shiga ƙarƙashi. Riƙon ya saki, jirgin ya ɗago yana sulu a saman ruwa, sannan fikafikai su karɓi nauyin. Glenn Curtiss, maƙerin jiragen sama na Amurka, sai da ya sha wuya a 1912 kafin ya gane haka.

A 1914 Curtiss ya ƙera wani jirgi mai suna America don tsallake Tekun Atilantika. John Porte, hafsan sojan ruwan Ingila, shi aka tsara zai tuƙa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Porte ya koma gida, sojan ruwa suka sayi irinsa don sintiri. Amma Tekun Arewa, da ke gabas da Ingila, ba tafki ba ne. Taguwar ruwa ta riƙa dukan katakon, in an yi lodin mai da bama-bamai kuwa tashi ya zama aiki.

Nan ne Porte ya burge ni. A tashar sojan ruwa ta Felixstowe a Ingila bai taɓa fikafikan Curtiss ba, tun da ba su yi laifi ba. Gangar jikin ya yi ta sakewa yana gwadawa, ya ba ƙasanta kaifi don ta yanka ruwa, ya ƙara matakala, har aka kai ga jirgin da ake kira F.2A mai injin Rolls-Royce Eagle biyu da mutum huɗu, mai yin wajen awa shida a sama. Daga tashar nan ne a 1917 aka fara fita farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, bisa tsarin da suka kira saƙar gizo-gizo.

Bututun mai ya sha ba su kunya a tsakiyar teku, shi ya sa ba sa tashi sai da tantabaru a kwando, masu kai saƙon neman agaji gida. Katako kuma yana shan ruwa ya yi nauyi, dole a janyo jirgin tudu in ya dawo.

Sake duba hoton. Ƙirga mini, matakala nawa ka gani?