Amsa: Sensar kamshaf ce ko sarƙar taimin?

Malam, ka ce Corolla ɗinka tana mutuwa a cunkoson Ƙofar Nassarawa, sai ta huce kafin ta tashi, kuma makaniki ya ce a buɗe inji a canza sarƙar taimin, wadda ke haɗa karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji). Ka dakata tukuna.

Abin da ka bayyana ya fi kama da matsalar sensa, wato 'yar na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota yadda kamshaf ke juyawa. Idan ta fara lalacewa, zafi ne ke tona mata asiri: inji na ɗaukar zafi sai saƙon da take aika wa kwamfutar mota ya yanke, in ta huce ya dawo. Ita kuwa sarƙa ba ta ɓoye kanta. Ka tada motar da asuba, inji na sanyi, ka kasa kunne ta gefen da bel yake. In sarƙar ta saki, za ka ji kacau-kacau na 'yan daƙiƙu kafin baƙin mai ya hau, ga rashin ƙarfi kullum, ba sai da zafi ba.

A sa wa motar kwamfutar gwaji, a ga lambar matsalar da za ta fito. P0340 na nuni ga sensar ko wayarta. P0016 na nufin kamshaf da karanshaf sun daina tafiya tare, nan ne ake zargin sarƙa, ko da yake ƙazamin baƙin mai kan toshe bawul ɗin VVT-i (mai daidaita lokacin aikin kamshaf) ya kawo lambar. Yaushe rabonka da juye?

Kafin ka nufi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, rewaya ya duba soket ɗin sensar, don ɓera ma yana cin waya. Ni dai na fi yarda da sensa ta asali ko 'yar Beljiyam a kan sabuwa mai araha.