Kwandon nunan fari

Ɗana, saƙonka ya iso, har sau biyu na sa ƙanwarka ta kunna mini. Wai tunda kakanku ya rasu, dole ne a ci gaba da raba nunan farin mangwaron lambu gida-gida, ko a sayar wa dillalin kasuwar Ketu ta nan Ikko gaba ɗaya, a tura wa mutane kuɗi ta waya? Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Ba zakka ba ce, tunda ka tambaya. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗora zakka a kan mangwaro da lemu ba. Baba dai hadisin nan ya riƙe, cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi.

Ku tsoho mai carbi kuka sani. Mu ma'aikacin Reluwe muka sani, mai bin jirgin safe daga Agege zuwa Ebute Metta, ranar hutu kuma ya rataye kakinsa ya nufi lambu ta hanyar Ota. Goro ne ya tara Hausawa a Agege, saboda haka dariya ake yi masa: kowa na ɗaure huhu yana lodawa Kano, shi yana can yana yi wa mangwaro aure. Sai ya ce da su kujerar gwamnati kayan aro ce, ba ta rufe katara, itace kuwa ba a yi masa ritaya.

A 1975, shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, suka haukata Ikko, kowa na sayen rediyo da babur, ni ma idona ya buɗe. Baba ya ɗora mini kwandon nunan fari, ya lissafa mini gida bakwai: liman, mai unguwa, zawarawa biyu, wani makaho, abokin aikinsa Inyamuri, sai Iya, wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da agidi a bayan layin dogo. Ina isa tasha jirgi ya tsaya, fasinjoji suka miƙo hannu ta taga. Kafin ya yi kuka ya tashi kwando ya zama wayam, aljihuna ya cika da kwabbai. Takalmi na saya, mai dogon dunduniya irin na yayin, na ɓoye a ƙarƙashin gado.

Kwana uku shiru, na ce na sha. Ran na huɗu bayan la'asar sai ga Iya da sandarta, ta ƙulle magani a bakin zane. Ba mangwaro ta zo nema ba. Cewa ta yi shekara da shekaru kwandon Alhaji bai taɓa saɓawa ba, bana da ba ta gani ba ta san ko ciwo ya kwantar da shi, ko ta yi masa laifi. Da Hausarta mai karyewa take ta ba shi haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba. Ina bayan ƙyaure, na so ƙasa ta tsage.

Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya raka ta har gida, ya dawo ya ce in sa takalmin. A cikinsa na bi shi lambu da ƙafa, na haƙa rami, na dasa dashe, ƙafata duk ta yi kanta. Abin da ya ce kawai shi ne, uwarsa takan ce zumunta a ƙafa take.

Ku yanzu maƙwabcinku sai ya yi wata a asibiti ba ku sani ba, sai kun gani a waya. Kakanku ya yi shekaru yana sasanta rigimar unguwa a fadar Sarkin Hausawa, kwabo bai taɓa karɓa ba, kuma rabin waɗanda suka cika layi ranar jana'izarsa ba Hausa suke ji ba.

Zancen dillali kuwa, ban ce kada a sayar da komai ba, Baba ma yana sayarwa. Ka dai zo Lahadi ka kai ni lambun, gwiwata ba ta son danfo, motar hayar nan. Itacen da na dasa yana nan kusa da rijiya. Ka taho da kwando, jikan Iya har yanzu yana gidan nan na bayan layin dogo.