Tallafin makiyaya: shanun amana da ƙarin adadi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makiyayi ne a kwarin Haɗeja. Ambaliya ta kashe mini shanu 9, amma 4 na baffana ne da ke Kano, ya ba ni kiwo. Za a raba tallafin gwamnati, sai mai rubuta sunaye ya ce in ce 20, in kuɗi sun fito mu raba. Wani ya ce mini ba laifi, tunda haƙƙinmu ne da aka daɗe ana dannewa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da mafi alheri, ɗan'uwa. Karɓar tallafin halas ne, kada ka ɗauke shi maula.

Shanun baffanka su ne inda hukuncin ya rataya, ga shi ka ambace su a wuce. Ka bincika yadda ake biya. In da kan dabba ake lissafi, kuɗin huɗun nan nasa ne, sai ka sanar da shi, in ya bar maka ka ci da daɗin rai. In kuwa magidanci ake ba, ba tare da duba yawan abin da ya mutu ba, duka naka ne. Kuma ba ka da lamunin shanunsa matuƙar ba ka yi sakaci ba.

Mai cewa ba laifi yana jingina ne da abin da malamai ke kira zafar, wato mutum ya ɗauki haƙƙinsa daga wanda ya hana shi, kamar yadda Annabi (SAW) ya ba Hindu 'yar Utba izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta Abu Sufyan. Malamai sun yi saɓani a kan zafar, amma ko waɗanda suka halatta ba su nufin irin wannan. Ciyarwar Hindu wajibi ce sananniya a kan mutum sananne, kuma ba a ce ta yi ƙarya ba. Kai wa ya yanke maka ƙarin shanu 11 a baitulmali? Sannan kuɗin tallafi ƙayyadaddu ne. Abin da ka ƙara wa kanka daga rabon wani makiyayin zai fita, wataƙila bazawarar da awaki uku ne duk abin da ta mallaka. A Muwaɗɗa, Sayyidina Umar ya umarci Hunayyu, mai kula da makiyayar gwamnati, ya shigar da masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki, ya yi hattara da garken attajiran sahabbai Ibn Auf da Ibn Affan, domin su suna da gonaki da dabino da za su koma wa. Mai ƙaramin ƙarfi ake fara dubawa, ƙarin adadi kuwa shi yake turewa baya.

Kason mai rubutun cin hanci ne. Ka ce masa 9, a gaban ardo ko mai unguwa, kada ku keɓe. Wanda ya haɗa baki da kai yau, gobe da wannan takardar zai riƙe ka.

In kuɗin sun zo, ina ba ka shawara kada su tafi a biki ko ƙarin aure. Ka sayi karsana, ko tumaki in ba su kai ba, ka nemi likitan dabbobi ya duba waɗanda suka tsira, don ciwon hanta kan biyo bayan kiwo a fadama. In garkenka ya gaza 30, babu zakkar shanu a kanka bana.

Wallahu a'alam.